Kwana Goma Sha Tara Ina Zubar da Kunun Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran famfunan tura ruwa a wani kamfanin jimar fata da ke Challawa. Idan famfo ya fara gajiya, tun daga bakin ƙofar kamfani nake jin sa, har abokan aiki suna tsokanata wai da kunne nake cin abinci. Amma matata Sa'adatu ta yi kusan sati uku tana haki a gabana ban gane komai ba. Sunana Mudi. Na gaji da ba da labarin nan da baki, domin kullum in na zo wurin da ya fi muhimmanci sai in tsallake. Shi ya sa na ce bari in sa shi a takarda, ko maza irina masu kunyar surukai za su karanta kafin matansu su haihu.

Shekararmu shida da aure kafin Allah ya ba mu rabo. Ɗaki ɗaya muke haya a Sharada, don haka da ciki ya tsufa Sa'a ta tafi gidansu wankan gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Gidan yana wani ƙauye a bayan kamfanoninmu, tafiyar minti goma a babur daga wurin aikina. Mahaifinta ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarta ce ke riƙe da gidan, kowa Inna yake ce mata. Mace ce mai ƙoƙari, rabin matan ƙauyen ita ta yi musu jego. Ni kuwa tun ranar da na fara zuwa zance ban taɓa ɗaga kai na kalli fuskarta ba. A soro nake cire takalmi, in durƙusa daga nesa, in gaishe ta kaina a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Haka aka koya mana, kuma har ga Allah ina alfahari da hakan a lokacin.

Sa'a ta sauka lafiya, mace. Ranar suna aka sa wa jaririya sunan Inna, muna kiranta Ummi. Rabin duro yana kan murhu safe da yamma, ana yi wa mai jego wanka da ruwa mai tururi da ganyen darbejiya, tana fitowa kuma kwanon kunun kanwa yana jiranta. Ni na sayi itacen, ni na sayi geron, ni na shiga kasuwa na zaɓo jar kanwa mai kyau. Mai kanwar har yaba mini ya yi, ya ce irina ake so a mazaje.

Sati guda bayan suna ƙafafun Sa'a suka fara kumbura. Na je gaishe ta bayan na tashi daga aiki, ta miƙo ƙafa daga bakin ɗaki tana dariya.

"Injiniya," haka take kirana don tsokana, tunda ba ta faɗin sunana, "zo ka ga doya. Danna ka gani, rami yake zama."

Na danna, ramin ya zauna bai tashi ba. Ga wani ɗan tari da ta fara. Inna ta yi magana daga bakin murhu, ba ni take yi wa ba, amma don in ji.

"Sanyi ne ya shige ta. Tun ranar haihuwa na ga sun kwantar da ita a ƙarƙashin fanka na san za a yi haka. Gobe za a ƙara wuta."

Aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa. Ni kuma na biya kemis na sayo maganin tari, kwalba biyu, na ji na yi abin da ya kamata miji ya yi.

A sati na uku da fara kumburin ta daina iya kwanciya. A zaune take barci, an jingina mata filo uku a bango. Wata ranar Laraba ta taso daga ɗaki za ta zo wurina a soro, tafiyar da ba ta fi taku goma ba, sai ta zauna a tsakiyar gida tana jan iska da baki, leɓenta ya yi duhu. Nan tsoro ya kama ni. Ko a ranar ban iya yi wa Inna magana kai tsaye ba, ƙanwar Sa'a na aika, Hafsatu, wadda ba ta daɗe da aure ba ta zo taya jego. Inna ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in. Hafsatu ta koma sau biyu tana roƙo kafin Inna ta ce to, a je a dawo da wuri, ruwa yana kan wuta.

Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa ba su ɓata lokaci ba, suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a cikin gari. A can ne na san ma'anar layi. Layin kati daban, layin biyan kuɗi daban, layin awon jini a wani gini, hoton zuciya kuma aka ce sai ranar Litinin don mutane sun yi yawa. Mace tana haki a kan benci, kai kana yawo da takardu kamar mai neman aiki. Wata nas dattijuwa ce ta kalli Sa'a sau ɗaya ta ce wannan ba ta Litinin ba ce, ta tura ta a keken marasa lafiya da hannunta. Ban san sunanta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a. Wadda ke bakin tagar kati kuwa, da ta ce mini in matsa ina tare mata iska, na bar ta da Allah.

Likitar zuciyar wata gajeriya ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta juyo da allon na'urar hoton zuciyar wajena.

"Malam, ka ce aikin famfo kake yi? To ka ga wannan. Zuciya matsewa take kamar dunƙulen hannu. Ta matarka ta buɗe, ta saki, motsi kawai take. Abin da ta kasa turawa shi ne ya taru a huhu da ƙafa."

Ta tambaye ni wankan jego da kunun kanwa, na ce ana yi, an ma ƙara. Ta cire tabarau ta murza ido kamar wadda ta ji wannan amsar sau ɗari.

"Ba zan rantse maka cewa kunu ne ya kawo ciwon ba. Muna ganinsa har ga matan da ba su taɓa ɗanɗana shi ba. Amma zuciyar da ta riga ta gaji, kanwa da gishiri ruwa suke tara mata, zafin wankan kuma gudu yake ƙara mata. Daga yau babu. Ka je ka gaya wa mai dama kunun, kai da bakinka."

Na ce to. Sannan na yi tambayar da kowane makanike zai yi.

"Likita, ba a canja ta ne? Mu in famfo ya ci kansa cirewa muke mu sa wani."

Karo na farko ke nan da na ga ta yi murmushi. Ta ce ana yi, fiye da shekara hamsin ana dashen zuciya a duniya, amma ba a nan ba. Ta ce kuma matata ba ta kai nan ba, mata da yawa suna warkewa da magani idan an kiyaye. Aka ba Sa'a gado. Yayata Lami ta zo daga Kumbotso ta zauna da ita, Ummi kuma aka bar ta wurin Inna ana ba ta madarar gwangwani.

Washegari na tashi daga dutin safe ƙarfe biyu na nufi ƙauyen. Duk hanya ina tsara maganar a kan babur, na gyara ta ya fi sau goma. Na cire takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa. Kafin in buɗe baki sai na ga wani shuɗin fulas yana matsowa gabana a kan tabarma. Hannun da ya turo shi kawai nake gani, da sabuwar ƙunar wuta a bayan yatsu.

"Ga kunun yarinyar nan. Ka tabbata ta sha da zafinsa. Su can ba abin da suka iya sai ɗura wa mutum ruwan leda."

Muryarta ta dushe, ka san ta yi kuka. Na ce, "To, Inna."

Da na isa asibiti da fulas ɗin a hannu, Yaya Lami ta harare ni.

"Kai ma dai da neman magana. Za ka tsaya a gaban surukarka ka ce kununta ne ke cutar da 'yarta? Wane ido za ka kalli mutanen garin da shi? Ka zubar a hanya ka mayar mata da fulas, kowa ya huta."

Sa'a ta janye abin ƙarin numfashi daga hancinta ta ce, "Kar ka gaya mata yanzu, Injiniya. In na samu sauƙi ni zan lallaɓa ta, na san hanyarta."

Ba zan ɗora musu laifi ba. Abin da nake so in ji suka faɗa.

Akwai wata babbar kwata da ke ɗauke da ruwan jima daga kamfanoni, wadda kullum launinta daban, yau baƙi gobe ja. A bakinta nake tsayar da babur, in waiwaya ko akwai wanda ya san ni, in buɗe fulas in tuttule. Kunun yana da kauri, da kyau, ƙamshinsa yana tasowa har ya danne warin kwatar na ɗan lokaci. Kashegari in mayar da fulas. Inna ta ɗauka ta girgiza a kusa da kunnenta.

"Ta shanye?"

"Ta shanye, Inna."

"Alhamdu lillahi."

Kwana goma sha tara muna wannan.

A cikin kwanakin nan na ga mutane iri biyu a wurin aiki. Foman ɗinmu ya ce kamfani ba asibiti ba ne, duk ranar da na makara sai ya sa alama. Isufu kuwa, wani ɗan Maraɗi da muke sashe ɗaya, ya karɓi dutin yammana duka ba tare da na roƙe shi ba, ya ce in na huta na rama. Magani da awo suka cinye ɗan abin da na tara, muka sayar da keken ɗinkin Sa'a da izininta. Na rame har wandona yana zamewa. Barci nake yi a tsaye a jikin famfo.

Duk da haka maganar dashen nan ta ƙi barin kaina. Lokacin hutun cin abinci sai in zauna a gindin wata bishiya da wayata, da ɗan Turancina na makarantar koyon sana'a, ina karanta yadda aka faro abin. Da yamma in kwashe in kai wa Sa'a, tunda ba ni da wani labari mai daɗi da zan ba ta. Na gaya mata yadda wasu likitoci a Amurka suka yi shekaru suna gwadawa a kan karnuka, su cire su mayar, har hannunsu ya faɗa. Na gaya mata har zuciyar biri an taɓa sa wa wani mutum da ke bakin mutuwa, bai kai awa biyu ba.

"To ni dai in za ka canja mini," in ji ta, "kar ka kawo mini ta gwanjo irin wadda kuke lallaɓa wa kamfani. Sabuwa nake so, a cikin leda."

"Duk na hannu ne, Sa'a. Sai wani ya bari ake samu."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Yaya Lami ta kore ni waje.

Wata rana na ba ta labarin na farko da aka yi daga mutum zuwa mutum, a Afirka ta Kudu. Wani ɗan kasuwa ne zuciyarsa ta gaji. Sai mota ta buge wata budurwa da mahaifiyarta suna tsallaka titi. Uwar ta rasu nan take, budurwar kuma aka kai ta asibiti, ƙwaƙwalwarta ta riga ta mutu amma zuciyar tana bugawa. Likitoci suka nemi izinin uban, ya yarda, aka cire aka dasa wa ɗan kasuwar. Ya farka, ya yi magana, ya ci abinci, ya yi kwana goma sha takwas, sannan ciwon huhu ya tafi da shi. Mutum na biyu da aka yi wa ya haura shekara ɗaya da rabi. Bayan nan asibitoci da yawa suka yi rububin gwadawa, mutane suka yi ta mutuwa don jiki yana ƙin baƙuwar zuciya, har akasarinsu suka janye. 'Yan kaɗan suka nace, sai daga baya aka samo maganin da ke sa jiki ya haƙura da ita.

Ni ɗinkin jijiyoyin ne ya burge ni, ina ta kwatanta mata da haɗa bututu. Ita ko sauraron wannan ba ta yi ba.

"Tsaya, Injiniya. Uban yarinyar. A ranar ya rasa matarsa, 'yarsa tana kwance, sai wani ya je ya ce masa a ba su zuciyarta?"

"A ranar."

"Wane ne ya je? Ya aka yi bakinsa ya iya?"

Na ce ban sani ba, wani likita ne dai a cikinsu. Fulas ɗin yana ƙarƙashin kujerata babu komai a ciki, na ji ƙafata tana taɓa shi.

Magani ya karɓe ta. Kumburi ya saɓe, ta fara kwanciya da filo ɗaya, ta fara yawo a barandar ɗakin tana tsokanar nas-nas. Likita ta sallame ta da ƙwayoyi kala huɗu da gargaɗi, ta dube ni ta ce, "An gaya wa tsohuwa?" Na ce an yi magana. Ban ce wa aka yi wa ba.

Gidan Inna muka mayar da ita, domin a Sharada ba mai kula da ita in na fita aiki, kuma Ummi tana can. Mata suka cika tsakar gida ana barka. Ina durƙushe a soro na ji Inna tana gaya wa maƙwabta da ƙarfi.

"Kun gani ko? Kwana goma sha tara ban fasa ba ko sau ɗaya. Allah ya yi wa yaron nan albarka, shi ya riƙa kai mata a kan babur."

Matan suka yi ta sa mini albarka. Wannan ita ce ranar da ya kamata in yi magana, kuma na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na ce, "Amin, Allah ya saka da alheri," na sa takalmina.

Daga nan na shiga rama wa Isufu kwanakinsa, duti biyu a jere, safe da yamma. Sai in yi kwana uku ban leƙa ba. In na je ina ganin hayaƙi yana tashi a bayan ɗaki, na tambayi Sa'a ta ce ruwan wankan Ummi ne. Jaririya ba ta buƙatar rabin duro, yaro ma ya san wannan. Amma na gaji, ina son amsar da za ta bar ni in je in kwanta, na karɓa.

Sati biyar bayan sallama Hafsatu ta kira ni ina tsakiyar kwance wani famfo. A cikin adaidaita sahu Sa'a ta yi ta fitar da kumfa mai ruwan hoda, tana riƙe da rigata. Wannan karon ba mu bi layi ba.

Bayan kwana uku, da ta ɗan iya magana, ita da kanta ta gaya mini. Inna ta ce arba'in ɗin ta katse, sai an sake daga farko. Wanka safe da yamma, kunu sau biyu. Ƙwayar da ke fitar da ruwa kuma, da Inna ta ga tana yawan zagayawa ga nono ya ƙi zuwa, ta ce a ajiye ta.

"Na gwada, wallahi na gwada. Na ce Inna likita fa ta hana. Ta ce likita ta hana, to me ya tashe ki daga gadon? Ba kwana goma sha tara mijinki yana kai miki kina shanyewa ba?" Ta tsaya ta ja iska. "Me zan ce mata, Injiniya? In ce ƙarya kake yi mata kullum? Sai na karɓa na sha."

Ban san abin da fuskata ta yi ba, amma ta kama hannuna tana ce mini ba komai. Ita da ke kwance ita ce ke rarrashina.

Likita ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta kira ni ofis ta nuna mini sabon hoton, ko ni da ban san aikin ba na ga bambanci.

"Ka tuna tambayar da ka yi mini ran nan? Yanzu mun zo wurin. Za mu ci gaba da magani, ikon Allah ya fi namu. Amma in kana son gaskiya, wannan zuciyar canji take so."

'Yan uwa suka taso da shawara. Wani kawuna ya ce Indiya, wani ya ce Masar, wani ya ce a kai maganar gidan rediyo a nemi taimako. Isufu ya ce zai zagaya da hula a kamfani. Wata gwaggo ta aiko da rubutu a galan, wata ta ce a nemo zuciyar rago a gasa mata. Na koma wurin likita da maganar tafiya. Ta ce ko na tara kuɗin duniya, zuciya ba kamar ƙoda ba ce da ɗan uwa zai ba ka ɗaya ya rayu da ɗaya. Sai an jira wani ya rasu a irin yanayin budurwar nan, danginsa su yarda, kuma baƙo a bayan 'yan ƙasa yake tsayawa a layi. Ta ce Sa'a ma a yadda take ba za ta iya hawa jirgi ba. Na fito na zauna a kan dakalin baranda. Shekara hamsin da wani abu mutane suna wannan aiki, na san tarihinsa kamar ni za a yi wa jarrabawa, kuma babu ko ɗaya a ciki da zai amfani matata. Daga ranar ban sake buɗe shafukan nan ba.

Kwana goma sha ɗaya ta yi. Inna ta zo sau uku, ta zauna a gefen gado tana shafa mata ƙafa, tana cewa sanyin nan mai naci ne. Ana gobe za ta rasu Sa'a ta ce in matso.

"Kar ka bari Inna ta sani. In ta sani ba za ta ƙara barci ba."

Na ce to. Na lura duk labarin nan ba abin da na iya faɗa sai to.

Ta cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, ina riƙe da kofin ruwan da ta ce in miƙo mata. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Na san kwana ne ya ƙare, likita ma ta ce ko da an kiyaye komai ba ta da tabbacin yadda za ta kaya. Na yarda da wannan. Amma yarda da ƙaddara bai hana ni sanin abin da hannuna ya yi a bakin kwata ba. Ranar da na je karɓar takardu likitar ta ƙara mini magana ɗaya, ta ce wani lokaci ciwon yana bin jini, in tana da ƙanne mata a sa musu ido in sun haihu.

Wata goma na yi ina riƙe da alƙawarin Sa'a. Ummi ta zauna wurin Inna, duk Juma'a bayan masallaci nake zuwa in gan ta. Inna ta ƙara ƙaunata, tana gaya wa kowa ba ta taɓa ganin surukin da ya yi wahala irin tawa ba. Duk lokacin da ta faɗa sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Sai Hafsatu ta haihu, ta zo wankan gida.

Juma'ar da ta biyo bayan suna na shiga soro na ga itace jibge har rabin bango. Rabin duron nan yana kan murhu yana tafasa. A gefe ga ƙwarya an jiƙa jar kanwa, ga shuɗin fulas an wanke an kife. Hafsatu ta fito gaishe ni tana jan silifas, ƙafarta ta ƙi shiga ciki sosai. Wataƙila kumburin haihuwa ne kawai. Ta ɗan yi tari ta koma ɗaki.

Inna ta zo ta zauna a inda ta saba, Ummi tana dafe da kafaɗarta tana koyon tsayuwa. Na gaishe ta, ta amsa. Na ji tambayar Sa'a a kunnena, ya aka yi bakinsa ya iya.

"Inna, akwai maganar da na riƙe muku. Ku yafe mini."

Na ɗaga kai. Shekara bakwai da wani abu, ranar na fara ganin fuskarta sosai. Ashe idon Sa'a ne da ita, har da 'yar wushiryar. Ban taɓa sanin suna kama ba.

Na faɗa duka. Abin da likita ta ce tun ranar farko, da kwatar, da fulas, da dalilin da ya sa Sa'a ta karɓa ta sha. Na ce likita ba ta ce kunun ne ya kawo ciwon ba, kuma Inna ba ta da laifin abin da aka ɓoye mata. Na ce a kai Hafsatu a duba ta yau.

Ta dubi shuɗin fulas ɗin da aka kife. Duro yana ta tafasa.

"Kwana goma sha tara."

"Eh, Inna."

"Ina girgiza fulas ina hamdala."

Na sunkuyar da kai.

"Da ka faɗa mini a ranar, da na zage ka. Da na ce yaron nan ba shi da kunya, in yi sati ban amsa gaisuwarka ba." Muryarta ba ta tashi ba ko kaɗan. "Sati guda, Mudi. Shi ka ji wa tsoro?"

Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Ta zaunar da Ummi a kan tabarma, ta miƙe da kyar tana dafa gwiwa, ta je murhu ta riƙa zaro itacen ɗaya bayan ɗaya tana soka shi a ƙasa. Ta ɗauki ƙwaryar kanwa ta watsar a bayan ɗaki. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, in je in nemo adaidaita.

An duba Hafsatu, aka ce zuciyarta ta ɗan fara rauni, aka ɗora ta a kan magani da wuri. Yanzu tana lafiya, ɗanta har ya fara rarrafe.

Ni kuma har yau ina zuwa duk Juma'a. Ina cire takalmi a soro, in durƙusa kamar da. Inna tana amsa gaisuwata, ba ta taɓa fasawa ba. Sai dai yanzu ba bango take kallo ba, ni take kallo, da idon Sa'a, har in gama in tashi.